Tsakuwar Tungar Gajere

La'asar ta yi sakaliya lokacin da akori-kurar Hamma ta sauka daga kwalta a bayan Talata Mafara, ta kama jar hanyar da ta nufi wajen Maradun. Batulu na zaune a baya, ta jingina da kan motar, ta miƙe ƙafafu, hannunta ɗaya a kan tabarmar da aka naɗe mijinta Barau a ciki. Da hantsin ranar ya cika a asibitin Sakkwato, bayan jinyar kwana arba'in da uku. An yi masa wanka an sa masa likkafani, mutanen kirki suka ba ta shawara ta bari a rufe shi nan birni, ai ƙasar Allah duk ɗaya ce. Ta ce ta ji kuma ta gode, amma ba za ta bari ba. Abu guda Barau ya roƙe ta kafin bakinsa ya rufe, kada a binne shi cikin baƙi, a kai shi inda mutanen garinsu za su tsaya masa salla. Batulu kuwa in ta kafe a kan magana, gara ka je ka lallashi jaki ya shiga gulbi.

Matsalar ita ce garin nasu ba ya nan. Tun da aka tare gulbi a Bakolori aka ce wa mutanen Tungar Gajere su tashi, ruwa na zuwa. Suka kwashe jinka da turame suka koma wani tudu, suka sa masa suna Sabuwar Tunga, don ba su da zuciyar neman wani sunan. Barau ne ya ƙi. Ya ce shi ba kaza ba ne da za a ɗauke shi da akurki. Shi da Batulu suka zauna su biyu a kangon gari, har ciwon ciki ya kayar da shi a tsakiyar damina, aka fitar da shi a kan amalanke. Suna Sakkwato labari ya iske su cewa ruwa ya shanye komai, har kan rumbuna, har maƙabarta.

A bakin tsohon garin akwai wani tsibin tsakuwa da ya kai ƙirjin mutum, ba wanda ya san farkonsa. Duk mai tafiya nesa, ko fatauci ko hajji ko neman magani, sai ya ɗauki ƙwara ɗaya ya ƙulle. Ran da ya komo ya mayar da ita, ya ce, "Na dawo." Tsofaffi sun ce mutanen ɓoye ne ke gadin tsibin, kuma wanda ke riƙe da tsakuwarsu, ko ina ya shiga a duniya, hanya sai ta kawo shi gida. Malamai sun yi faɗa a kan abin har sun gaji. Ranar tashi dai dattawa suka tsaya a wurin da sanduna suka hana kowa taɓawa, domin wannan tafiyar ba ta da komowa.

Hamma bai san wannan ba, shi mutumin Bakura ne. Abin da ya sani hanya. Shekara ashirin yana lodi tsakanin Sakkwato da Mafara, har furfura ta fito masa a kan sitiyari. Gilashin da ke tsakanin gaba da baya ya daɗe da fashewa, ta ramin ya waiwayo yana ba ta haƙuri.

"Gwaggo, ki kwantar da hankalinki. Sakkwato zuwa Mafara wajen mil saba'in na, ga shi mun cinye su. Daga nan zuwa Sabuwar Tunga sha tara. Na kai masu kwanon rufi da itace ya hi sau goma. Kahin a kira magariba muna ƙofar liman."

"Allah shi sa," in ji Batulu.

Ya ƙwanƙwasa agogon mil da ɗan yatsa. "Wanga bai taɓa ba ni kunya ba. Mutum ka yin ƙarya, ƙarhe ba shi yi."

Batulu ta gyara zama. Gajiya ta cika ta, da baƙin ciki, da wani haushi da ta rasa wanda za ta sauke wa. Tana fuskantar baya, don haka rana na saitin idonta, ja, ta kusa taɓa kan wasu giginyu. Gero ya nuna a gonaki, ƙanshinsa na tasowa tare da na jiƙaƙƙiyar ciyawa. Kwaɗi sun fara kuka a fadama. Suka wuce wata mata da tulu, suka wuce garken shanu, suka wuce wata kuka da tsawa ta tsaga gida biyu. Duk sanda mota ta faɗa rami sai wani abu ya bugi ƙarfen da ta jingina da shi, ƙwas. Ta ɗauka ƙusa ce ta kwance.

Aka yi ta tafiya. Batulu ta ja bakin tabarma ta gyara inda ƙafar Barau ke neman leƙowa. Da ta ɗaga kai, sai ga kukar nan mai tsaga tana wucewa ta hannun dama.

Ta ce a ranta kukoki suna da yawa, tsawa ma ba ɗaya ba ce. Ta dubi rana. Tana nan a kan giginyun, ba ta sauka ko da faɗin yatsa ba.

Mutane sun ƙare a hanya. Ba shanu, ba hayaƙin girki, ba ko kare. Can ta lura kwaɗin sun yi shiru, duka a lokaci ɗaya, sai kukan injin kaɗai da wannan ƙwas ɗin.

Kukar ta sake wucewa.

"Gwaggo." Muryar Hamma ta koma raɗa.

"Ina jin ka."

"Mil talatin da ɗaya."

"Sha tara ka ce."

"Shi na ce."

Ya taka birki. Ta ji yana haki, ta ji yana karanta wani abu a gurguje. Ya juya motar da ƙyar a cikin ciyawa, gaba, baya, gaba, har ya mayar da hancinta inda suka fito. Ya ba ta wuta.

Batulu na zaune yadda take, tana fuskantar baya. Rana na saitin idonta.

Ba ta gaya masa ba. Ba amfani.

Daga nan ƙanshin gero ya ɗauke. Wani wari ya maye gurbinsa, na laka da ruɓaɓɓen kara da gansakuka, irin na gindin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Hanyar ta yi laushi, mota ta daina jijjiga. Batulu ta leƙa gefe. Ga kurnar da yara ke jifa. Ga rijiyar makiyaya da guntun itacenta. Ga gonar Barau, da kunyoyin da ta taya shi ja da hannunta.

Hanyar Tungar Gajere ce. Wadda aka ce ruwa ya rufe.

Sanyi ya taɓa mata dunduniya. Ta duba. Ruwa ne ke tasowa ta tsakanin katakon mota, baƙi, a hankali, alhali ƙasar da suke takawa busasshiya ce ƙamas. Ya jiƙa mata zane. Ya nufi tabarma.

Ta sa hannu biyu ta jawo Barau, ta ɗora kansa da kafaɗunsa a cinyarta. Jinya ta cinye shi, bai fi nauyin damin kara ba. Garin jawowar ne bakin mayafinta ya bugi ƙarfe.

Ƙwas.

Ta kama bakin mayafin. Akwai ƙulli. Ta san ƙullin, nata ne. Ta kwance da haƙori, sai ga tsakuwa a tafin hannunta, baƙa, mai farin zare a tsakiya.

Nan take ta tuna. Ranar da aka fitar da Barau a amalanke, tana biye tana kuka, suka wuce tsibin, hannunta ya miƙa ya ɗauka yadda ya saba tun tana budurwa. Ba dattijo da sanda a ranar. Ba kowa. Kwana arba'in da uku tana yawo da ita a Sakkwato ba ta sani ba.

Injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Shiru.

Sai ɗiga. Ɗis. Ɗis. Ɗis. Daga ko'ina.

Tsibin na nan gaban motar, kamar taku arba'in. A bayansa mutane ne tsaye sahu-sahu, yadda ake tsayuwar sallar gawa. Ba mai motsi, ba mai tari. Rigunansu ne ke ɗiga. Rana na haska su, amma ba ɗaya da ke da inuwa.

Wata tsohuwa ta fito daga cikinsu, da baƙin saƙi, tana ɗingisa ƙafar hagu. Batulu ta ƙura mata ido. Inno ce, mahaifiyarta, wadda aka binne a maƙabartar garin shekara tara da suka wuce.

"Batulu," in ji tsohuwar, a hankali. "Sannu da hanya. Sannu da jinya. Kin sha wahala. Sauke shi nan, an gama haƙa."

Muryar ita ce, har da ɗan rawar da take yi a ƙarshen magana. Kewa ta lulluɓe Batulu. Ta so ta sauka da gudu, ta faɗa jikin tsohuwar, ta bar wani ya ɗauki nauyin nan ko da sau ɗaya. Har hannunta ya fara sakin tabarma.

"Batulu, zo mana."

Sai ta tsaya cak.

Ita ce 'yar fari. Shekara hamsin da wani abu suka yi tare a duniya, Inno ba ta taɓa kama sunanta da baki ba. Kunyar ɗan fari ba ta bar ta ba. "Ke wance," take cewa, ko ta ƙwanƙwasa ƙwarya. Ko ranar da take barin duniya, da ƙishirwa ta kama ta, cewa ta yi, "A kira min waccan."

Tsoron bai tafi ba, amma fushi ya hau kansa ya zauna. Ashe har fuskar uwarta za su ara.

"Hamma," ta ce ta ramin, ba ta ɗaga murya ba. "Hito ka zo baya."

"Gwaggo, ƙafata ba ta motsi."

"Ta motsa. Ba namiji kake ba?"

Ya biyo ta taga ya hauro. Ta ɗora masa Barau a hannu.

"Riƙe shi sama. Kak ka bari ruwa shi taɓa likkafani. Ko wa ya kira ka, ko da muryar uwarka, kak ka saki."

Ta yi bisimilla ta sauka.

Idonta ya ga ƙura da busasshiyar ciyawa. Ƙafarta ta shiga ruwa har idon sawu, mai sanyi kamar na asubar hunturu.

"Mai tsakuwa ya iso gida," in ji abin da ke sanye da fuskar Inno. "Ku ba mu shi. Dokar ke nan tun kakanni."

"Barau bai ɗauki komi ba," in ji Batulu. "Bisa amalanke anka hito da shi, bai san inda kai nai yake ba. Ni na ɗauka. Ba ku da komi gare shi."

Sahun ya yi wani motsi, kamar iska ta bi ta kan gero.

"To ke kinka iso. Taho."

Ta taka.

Taku biyar, ruwa a gwiwa.

Taku goma sha biyar, a ƙugu. Zanenta ya yi nauyi. Laka na tsotsar takalminta, ta bar mata shi.

Wani abu mai santsi ya goge ta a cinya ya wuce.

Ta ci gaba. Tana karanta Ayatul Kursiyyu, haƙoranta na haɗuwa, kalmomin na fita a gutsure.

Ruwa a ƙirji. Ido na gaya mata sarari ne.

Tsibin ya zo. Gansakuka ta lulluɓe shi. Tsohuwar na tsaye a gefensa, kusa har Batulu na jin warin laka daga bakinta. Idanun ba su ƙiftawa.

Batulu ta miƙa hannu ta ajiye tsakuwar. Ƙwas.

"Madalla," in ji muryar. "Saura magana. Hwaɗi."

Sahun duka ya karkato yana jira. Kalma biyu ce, ta faɗe ta sau ba adadi, daga kasuwar Mafara, daga bikin Faru, daga jinyar 'yar'uwarta a Garbadu. Tana nan a kan harshenta, tana neman fitowa da kanta yadda hannun ya ɗauki tsakuwar da kansa.

Ta cije harshen har ta ji gishirin jini.

"Kun ci gona," ta ce. "Kun ci ɗaki da rumbu. Kun ci kabarin uwata, kun zo kuna yi min wasa da huskarta. Ga abinku nan na maido. Ni ban dawo ba, ba ni kuma dawowa. Barau ko, ƙasa busassa za shi kwanta, masu rai za su yi mai salla."

Ta juya musu baya.

Aka kama mayafinta.

Ta sunkuyar da kai ta zame, ta bar shi a hannunsu.

Aka kama ƙafarta. Yatsu masu sanyi, da yawa.

Ruwa a wuya. Ruwa a haɓa.

"Batulu. Batulu. Batulu." Yanzu da muryar Barau.

"Barau na bisa mota," ta ce, ruwa na shiga bakinta. Ta fizge ƙafar da duk ƙarfin da ya rage mata.

Rana ta faɗi.

Faɗuwa ɗaya, kamar an tsinke igiyar guga. Daga nesa, can kan tudu, wani ladan mai shaƙaƙƙiyar murya ya ɗaga kiran magariba.

Ba tsibi, ba sahu, ba kurna. Ruwa ne shimfiɗe iyakar gani, kan wasu matattun itatuwa na leƙowa. Batulu na tsakiyarsa, tana taka laka da 'yan yatsu. A bakin gaɓa akori-kura ta nutse har fitilu. Hamma na tsaye a bayanta, ruwa a ƙaurinsa, ya ɗaga Barau a kafaɗa yana kuka kamar ba shi ne mai furfura ba.

Ta fito da rarrafe. Abin da ta fara yi shi ne shafa likkafanin daga kai har ƙafa. A bushe yake.

Motar ba ta tashi ba. Suka ciro katako ɗaya daga gefenta suka ɗora Barau, Hamma a gaba, Batulu a baya, ba takalmi ba mayafi, suka nufi inda kiran sallar ya fito. Tafiyar ba ta kai mil ɗaya ba. Mutanen Sabuwar Tunga na sallame salla suka gan su a bakin masallaci. Kafin a kira isha'i an yi sahu uku, na masu inuwa, an rufe Barau a kan tudu, a ƙasar da sai da aka sa diga kafin ta haƙu.

Washegari aka jawo motar da shanun huɗa. Agogon mil ya nuna hamsin da takwas daga Mafara. Hamma ya cire shi da hannunsa ya jefa a ruwan. Ya ci gaba da lodinsa shekaru da yawa, amma bai sake alfahari da sanin hanya ba. In fasinja ya tambaye shi mil nawa ne daga Sakkwato zuwa wajen Maradun, sai ya ce, "Kwance bakin gyalenka tukuna in gani."

Batulu kuwa ƙafafunta ba su ƙara ɗumi ba, ko a tsakiyar bazara. Ran da ta fita takaba ta roƙi a kawo mata dutse ɗaya daga cikin waɗanda diga ta tono a kabarin Barau. Ta kai shi bakin Sabuwar Tunga, inda hanya ke shigowa, ta ajiye, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Na dawo." Liman ya yi gyaran murya, ta dube shi, ya kama gabansa. Kafin shekara ta zagayo wurin ya zama ɗan tsibi, don mutane sun gaji da zama a garin da ba su da abin mayarwa in sun komo.

Wata safiya a ƙarshen damina ta fito da tsintsiya, ta tarar da wata tsakuwa a saman tsibin, jiƙe, da gansakuka a jikinta. Baƙa ce, mai farin zare a tsakiya. Ba a yi ruwa a daren ba.

Ta daɗe tana kallonta. Ba ta taɓa ta da hannu ba. Ta koma gida ta mirgino tsohon dutsen niƙanta, wanda mata biyu ke ɗauka da ƙyar, ta tura shi da ƙirji har saman tsibin, ta danne tsakuwar da shi. Sa'an nan ta hau ta zauna tana haki.

"To, kun iso," ta ce. "Nan garinmu na. Sai ku zauna ƙarƙashi."